Baƙuwar da ba ta sallama

Ni ne na yi kuskure, ba Alhaji Isufu ba. Mutumin Maraɗi ne, shekara shida muna cin tuwo kwano ɗaya a benen 'yan kasuwa na Tianxiu, can ƙasar waje. Wani mako ya daina shiga lifta, sai ya bi matakala har hawa na tara yana haki, waya a hannu. A gaban lawban, wato mai shagon takalma, na ce, "Alhaji, ƙauyancin ne ya motsa? Akwatin ƙarfe kake tsoro?" Aka yi dariya. Ya dube ni kawai, bai ƙara zama inda nake ba.

A Turancin kasuwar nan kalma ɗaya muke da ita ta tsoro. Kakata Iya Abu kuwa da yawa gare ta. Bayan sallar isha takan tura mana gyaɗa cikin tokar murhu, ta ce, "Ku matso, 'yan nema, wata tatsuniya ta iso."

Akwai ta wani manomi da baƙi uku. Razana ta banko ƙofa, kafin ya miƙe ta wuce. Tsoro ya shigo tare da kura, da kura ta tafi ya bi ta. Fargaba kuwa ko sallama ba ta yi ba, ta shimfiɗa tabarma kusa da 'yarsa. Ya ɗauko sanda. Ta ce, "Kore ni mana. Amma ni gidan da ake son wani kaɗai nake sauka. Ka daina son yarinyar, yanzu in naɗe tabarmata." Manomi ya ajiye sanda, ya kawo mata ruwa.

Na ce, "Iya, to yaushe ta tafi?"

"Kai dai ci gyaɗarka. Tana nan."

A lokacin haushi na ji, don ba a kashe kowa ba.

Sai ranar Juma'a wani ɗan garinsu ya gaya mini matar Alhaji ce ke kan gwiwa, bayan ɓari biyu. Cikin lifta sabis yakan ɗauke, shi kuwa ba ya son kiran gida ya same shi a rufe. Daga baya ta sauka lafiya, an samu mace.

Na sayi 'yar riga, na hau hawa taran nan da ƙafa. Ya buɗe ƙofa ina haki.

Na ce, "Alhaji, barka. Na kira ka matsoraci a gaban mutane, ban tambaye ka komai ba. Ka yafe mini don Allah."