Garin da Ake Ce Mini "Kai"

Ranar wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji uku na firamare, motar kayanmu ta tsaya a ƙofar wani gidan haya a Lafiya. An yi wa Baba canjin wurin aiki daga Kano, muka kwaso katifu da tukwane da kekensa muka taho. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, jar ƙasa tana manne wa silifas ɗina, ko'ina ƙamshin mangwaron da ya faɗo ya fashe. A tsakar gida wata mata ƙaƙƙarfa tana zaune kan turmi tana ɓare rogo. Tana ganinmu ta yar da wuƙar, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta kama kafaɗata ta ce, "Kai, sannu da zuwa! Yaya sunanka?" Na waiga bayana in ga yaron da take yi wa magana. Babu kowa. Ni kaɗai ce 'yar Umma, kuma ni matar nan take kallo.

Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta wannan ba. Amma tun abin da ya same ni a hanya kwanan baya na kasa fita ko ƙofar gida. Idan na rufe ido don in kori fuskokin mutanen da na gani a ranar, muryar wannan mata nake kamawa in riƙe.

Maman Rifkatu ake ce mata, 'yar Eggon ce, ɗakinta yana kallon namu. A ranakun farko na ɗauka da gaske ta zaci ni namiji ce, saboda Umma ta aske mini kai kafin mu taho don wasu ƙuraje da suka fito mini. Sai na shiga aikin tabbatar mata. Na ɗaura ɗankwalin Umma mai girma har yana rufe mini ido, na rambaɗa kwalli, na sa 'yan kunnen Sallah, na je na tsaya a gabanta ina karkaɗa kai. Ta dube ni ta tafa hannu ta ce wa maƙwabciyarta, "Kai, duba yaron nan, ya yi kyau fa!" Da kuka na koma ɗaki. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni ta ce nan garin haka Hausarsu take, mace "kai", namiji "kai", ita ma jiya an ce mata "Hajiya, ka kwana lafiya?" Ta ce kowa da yarensa na gida, Alago da Migili da Tibi da Gwandara, Hausa kuwa a kasuwa suka haɗu da ita, kowa ya ɗebi abin da zai ishe shi. Ban gamsu ba. Na daɗe ina gyara wa Rifkatu, 'yarta wadda muke sa'a ɗaya, ina cewa "ke" ake cewa, ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "To Bakano, ke zo ka ɗauki tsintsiya."

A hankali gidan ya haɗiye ni. Da safe ni da Rifkatu muke share tsakar gida, mu ja ruwa a rijiya mu cika randar Umma da durom ɗin mamanta, ba a tambayar wane bokiti na wa. Ranar da ake suyar gari kuwa duk yaran gidan muna wajen, muna tankaɗe rogon da aka matse, hayaƙi yana sa mu hawaye, muna ɗibar mai zafi muna watsawa a baki. A nan na fara cin sakwara da miyar agushi, na koyi bambanta doyar da za ta daku da wadda sai dai a soya. Akwai wata tsohuwa da ke kawo gishirin garin Awe a ƙullin leda, Umma ta ce ɗan kaɗan ake sawa don ya fi na kanti kaifi. Lokacin hutu Maman Rifkatu takan roƙi Umma ta bar ni in bi su gona wajen Kwandere. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba sai ga ni ina tsallake kunyar doya, ina kakkaɓe riɗi a kan tabarma, in dawo da ƙaiƙayi a wuya da mangwaro cike da siket. A makaranta ma kowa da tsintsiyarsa yake zuwa, mu share fili kafin a buga ƙararrawa, lokacin tara mu yi 'yar gala-gala a gindin dalbejiya. Ranar Lahadi ni ke riƙe wa Rifkatu takalminta mai tsini har bakin titi idan za su coci, da azumi kuma ita ke tashina idan na yi barcin la'asar, wai kada in rasa ƙosai.

Abu ɗaya ne na tsana a garin, shi ne ba ka da sirri. A Kano mutum zai bi titi babu mai ɗaga kai. A Lafiya kuwa ranar da ni da Rifkatu muka zame daga makaranta muka tafi tsinkar yazawa, kafin mu iso gida labari ya riga mu. Mai faci ya gaya wa mai nika, mai nika ta gaya wa Maman Rifkatu, muka tarar da ita a ƙofa da reshen dalbejiya, kuma ba ta ware ni ba. Na ce zan gaya wa Umma, ta ce, "Je ka gaya masa, shi ma zai ƙara maka." Haka kuwa aka yi. Wata rana kuma na ɓace wa Umma a kasuwa wajen 'yan doya, na tsaya tsakanin buhuna ina kuka. Ko minti nawa ban yi ba wata mai manja da ban taɓa gani ba ta leƙo ta ce, "Ah, wannan ba yaron Maman Rifkatu ba ne? Bakanon nan?" Ta ba ni ƙuli-ƙuli, ta ɗora ni a bayan babur ɗin ƙaninta, har ƙofar gida. A lokacin haushi ma na ji, ga ni da uwata amma an ba da ni ga wata.

Maman Rifkatu ce ta fara yin waya a gidan, wata ƙarama mai tocila da ɗanta ya aiko mata. Da yake ba ta iya riƙe lambar ba, sai ta sa mu yara muka mayar da ita waƙa, muna rerawa muna tafi, duk mai son lambar sai ta ƙwala mana kira mu rera masa.

Ina gama sakandare Baba ya rasu. Umma ta koma Kano wajen 'yan'uwanta, ni kuma na sami aikin shago a Abuja, na kama ɗaki a Mararaba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce yanzu zan taka inda nake so babu mai kai rahoto.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, na tare motar haya zan koma gida. Akwai mutane a ciki har da mace, shi ya sa na shiga. Ba mu yi nisa ba na ji an danne ƙofa, na kusa da ni ya shaƙe mini wuya, matar ta fizge jakata da wayata. Ban san iya tafiyar da muka yi ba. Abin da na sani, sun rage gudu, suka buɗe ƙofa suka hankaɗo ni. Na faɗi a gefen kwalta, gwiwata da gwiwar hannuna duk jini, ɗankwalina ya tafi da motar. Mutane suka taru. Wasu suna cewa sannu daga nesa, wani yaro yana ɗauka da wayarsa. Na duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, wallahi jira nake wani ya ce wannan ba 'yar gidan wane ba ce? Babu wanda ya faɗa, don babu wanda ya sani.

Wata mai gasa masara ce ta miƙo mini wayarta ta ce in kira nawa. Na riƙe wayar, kaina fayau, ko lambar Umma ban tuna ba, tana cikin wayar da aka tafi da ita. Sai na ji bakina yana rera waƙar nan a hankali, yatsana yana bin ta. Aka ɗauka. Ban iya cewa komai ba sai "Mama", sai kuka. Maman Rifkatu ta ce, "Bakano? Kai ne? Wa ya taɓa ka? Ina kake?" Shekaru ba ta ji muryata ba.

Tun ranar kullum sai ta kira a wayar maƙwabciyata. Ta ce in tattara in dawo gida, ɗakin Rifkatu yana nan tunda ta yi aure a Doma. Na gaya mata gaskiya, ko ƙarar ƙofar mota na ji sai in ruga ɗaki, ban san yadda zan shiga wata har Lafiya ba. Ta ce, "To zauna wurin. Ni zan zo in ɗauke ka. Wanda zai taɓa ka sai ya fara da ni." Ta ce ranar Asabar, idan ta sallami masu sayen garin rogonta.

Na san Lafiyar ma ta canza, an ce gidaje sun cinye gonakin yazawar da muke sata, rijiyarmu an rufe ta. Ni ma ba yarinyar nan mai ɗankwalin aro ba ce. A nan kowa yana ce mini "ke" daidai yadda na so tun ina ƙarama, amma babu wanda ya san gidan da zai mayar da ni idan na ɓace. Na ninke kayana tun jiya, na zauna kusa da ƙofa. Jira nake a ƙwanƙwasa a ce, "Kai, buɗe, ni ne."