Ɓarauniyar Hanyar da Malam Ya Nuna Mana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsakiyar duba marasa lafiya aka bugo mini waya cewa Malam ya cika. Na ajiye alƙalami na fita baranda, don bai dace likita ta yi kuka a gaban wanda ya zo neman ƙwarin gwiwa ba.

Malam, kai ka koya mana ƙirar jikin ɗan Adam a makarantar likitanci, mu kuma muka laƙaba maka Mai Shuɗi a bayan idonka. Ka sani sarai, ba ka taɓa nunawa ba. Asalin sunan kuwa, duk ranar darasin jijiyoyin da ke kwashe jini daga fuska, ba ruwanka da allo. Sai ka cire tabarau, ka ɗauki shuɗin alƙalami ka yi zane a kan fuskarka: daga lungun ido ka gangaro ta gefen hanci, ka wuce bayan kusurwar baki, ka tsallake ƙashin muƙamuƙi har cikin wuya. Mu yi ta dariya, kai ko a jikinka. Mai ɗakinka ta taɓa gaya mana cewa ta gaji da wankin wuyan riga.

Daga nan sai ka ɗora yatsa a lungun ido ka ce, "Dariya ta tsaya nan. Akwai ɓarauniyar hanya a wurin nan, ta bi ta bayan ido ta shige ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ƙurjin da ya fito tsakanin hanci da leɓen sama, kada ku matse, kada ku bari a matse. Ƙwayar cuta ta fi ku sanin hanya."

Bayan shekaru, ƙanena, direban babbar mota, mai taurin kai irin na gidanmu, ya matse maruru a bakin hancinsa. Ba a jima ba sai ga shi a gidana da zazzaɓi da ciwon kai, fatar ido ɗaya ta kumbura suntum. Ya ce, "Yaya, ƙwaro ne ya cije ni. Ba ni magani in wuce, kaya na jira na." Ina kallonsa, amma fuskarka nake gani da shuɗin nan. Na fizge makullin motarsa, na kai shi asibiti yana ta mita. Cutar ta riga ta kama hanya, Allah ya sa aka tare ta. Ya fito da ransa da idanunsa biyu.

Da na je yi maka godiya, dariya ka yi ka ce, "'Yata, ni zane kawai na yi. Ke dai Allah ya taimake ki ba ki yi barci a aji ba ran nan." Har yau ina jin godiyar ba ta isa ba.

Inna, mai ɗakin Malam, da ke da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. An ce mini kuna ta tambayar wane ne baƙon nan da ya sa kafaɗa a makara ya ƙi ba kowa har bakin kabari. Ƙanena ne. 'Ya'yansa uku suna da uba a yau saboda darasin mijinki.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ilimin da ka bari ya bi ka da lada. Allah ya haskaka fuskarka ranar tsayuwa. Amin.