Ranar da Mis Odessa ta Karɓe Makirfo

Cikin duk ranakun aikina a sashen Hausa na gidan rediyon nan, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na je hira da wata tsohuwa, Mis Odessa. A shekarar da baƙar fata ya fara hawa shugabancin Amurka ne, ina ƙaramar furodusa, wato mai haɗa shiri.

Fabrairu a nan Amurka watan tunawa da tarihin baƙaƙen fata ne. Editanmu, Malam Habibu, ya ba ni minti bakwai a shirin mata na Asabar, ya ce in yi a kan matan baƙar fata masu barkwanci, waɗanda ke tsayawa su kaɗai gaban jama'a su ba da dariya. Gaskiya na ji an raina ni. Wasu na zuwa majalisa, ni an tura ni wajen 'yan kama.

Rifkatu, wata nas 'yar Jos, ita ta ce akwai wata a gidan kula da tsofaffi da take aiki a Takoma Park, wadda ta yi sana'ar tun zamanin wariyar launin fata. Na nemi izinin 'yar tsohuwar, kamar yadda ƙa'ida take, na je ranar Alhamis da hantsi.

Na tarar da ita a falo kan keken guragu, 'yar ƙanƙanuwa, an shafa mata jan baki. Na durƙusa na gaishe ta. Ashe mantuwa ta riga ta kama ta. Ba ta tuna shekara, ba ta tuna gari, ni kuma tana ta kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. 'Yar ce ta ba ni tarihin: da rana wanki da guga a gidajen Turawa, da yamma ƙananan gidajen wasa na baƙaƙe, inda ake ce mata mace sai waƙa ko rawa. Maza kan sace mata zance su yi suna da shi. Irin su Mis Odessa ne suka share wa matan da ake gani a talabijin hanya, amma ita ko faifai ɗaya ba a taɓa ɗaukar mata ba.

Na kusa awa guda babu muryar da zan sa a iska. Ina tattara kaya sai tsohuwar ta miƙo hannu ta kama makirfo. Rifkatu ta ce a hankali, "Sakar mata, Anti Bilki. Ki bar rakoda a kunne."

Ta gyara zama, ta dubi tsofaffin da ke falon ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru har ni na fara jin kunya. Sannan ta ce, "Matar da nake yi wa wanki ta ce ni ai 'yar gida ce." Ta dakata. "Na ce to madalla, yaushe za a raba gado?"

Falon ya kwashe. Ta jira dariya ta lafa, ta ce, "Shekara da shekaru ta ƙofar baya nake shiga otel. Ranar da doka ta ce mu shiga ta gaba, na shiga, sai na ɓata." Haka ta yi ta yi, ba ta yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba. 'Yarta tana dariya tana share hawaye, don rabonta da jin uwarta haka an daɗe.

A situdiyo akan rage muryar mai magana a ɗora fassara a kai. Malam Habibu ya ce in yanke wuraren da ta yi shiru, wai mai sauraro zai zaci batir ya mutu. Na yanke. Ya saurara bai ko murmusa ba, ya ce in mayar da su yadda suke. Inda ta rikice a farkon hirar kuwa na cire duka, kuma bai tambaye ni dalili ba.

Bayan shirin ya fita na koma na kunna mata. Ba ta gane muryarta ba, amma ta ce wannan matar ta san aikinta. Da muryata ta shigo da fassarar Hausa sai ta karkata kai, ta saurara, ta dafa mini hannu.

"Wannan yarinyar tana sauri," in ji ta. "Ki ce mata ta riƙa jiran mutane. Za su iso."

Na ce zan faɗa mata.

Shi ya sa kullum nake ce muku, ku sababbin ma'aikata, kada ku raina inda aka aike ku, kada kuma ku yi saurin kashe rakoda. Akwai waɗanda suka yi wa duniya aiki ba wanda ya adana muryarsu. Wani lokaci kai ne mai makirfo na farko da ya je musu, kuma kai ne na ƙarshe.