Inna Assibi da yatsan da na ɓoye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan azumin tsofaffi, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Inna Assibi, mai shinkafa da wake a ƙofar lakwal, makarantar yaranmu ta Zongo, shugabar ƙungiyar iyayen yara. Ni Labiba matar Boureima, ban iya rubutu ba. Madam Hanane, malamar ɗiyata Sahadatou, ita ke rubutawa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, ta sa yadda ya fito daga bakina.

Inna, ina wanki aka zo aka ce kin faɗi kusa da tukunyarki. Kafin in sami zemijan, babur ɗin haya, in kai asibiti, an rufe miki fuska.

Ranar da na fara kai Sahadatou lakwal, bakin ƙofa na tsaya, na kasa shiga. Faransanci ake ta yi, ko kalma ɗaya ban ji ba. Kika bar tukunyarki a buɗe, kika kama hannuna har gaban direkte, shugaban lakwal ɗin. Ranar taron iyaye kuma, da maza suka yi ta magana mu mata muna baya kamar kayan wanki, kika buga ludayi a kan benci kika ce, "A faɗa da Hausa, mu ma haihuwarsu muka yi." Tun daga ranar ake fassara mana. Yaran da suka fito gida ba karin kumallo, kin san su da fuska, ba ki taɓa bari sun shiga aji da yunwa ba.

Ke kika dage sai ƙungiyarmu ta shiga cikin babbar ƙungiyar iyaye ta ƙasa. Shekara biyu kina hawa mota zuwa taro, wata rana Gbégamey, wata rana Godomey, da ciwon gwiwarki. Wasu suka ce son girma ne. Kika ce in mu kaɗai ne, takardarmu a aljihun tebur za ta tsufa, amma in muna cikin ta ƙasa akwai mai bin ta har inda ba mu san hanya ba. A lokacin ban gane ba, Inna.

Sahadatou a ɗaki na haife ta. Aka yanka rago, liman ya raɗa suna, unguwa duk ta ci tuwo. Ni a sanina shi ke nan, an shaida ta. Ba wanda ya ce mini a je a rubuta ta a wurin hukuma. Sai bana da ta kai ajin ƙarshe aka ce ba ta zama jarrabawa sai da takardar haihuwa.

Da damina kika zo har ɗakina da wata takarda. Kika ce ƙungiyar ta ƙasa ta samo hanya, za a kai sunayen yaran da ba su da takarda gaban alƙali a yi musu gaba ɗaya, uwa ko uba su sa yatsa kawai. Boureima yana hanya da babbar mota. Ni kuma na sa hannuna cikin zane. A garinmu, can tsallaken iyaka wajen Gaya, kawuna ya sa yatsa a takarda, gonarsa ta tafi. Tun ina ƙarama ake ce mana kada mu yarda. Kuma na ji tsoron a ce mu baƙi ne, a kore mu.

Sau uku kika dawo. Na ukun kika yi dariya kika ce, "Ke 'yar Gaya, yatsan nan na zinariya ne? Nawa ya sha tawada ya fi sau ashirin, ga ni nan ina tuƙa shinkafa da shi." Na yi dariya ni ma, amma ban fito da hannun ba.

Yara ashirin da uku sun sami takardunsu. Tawa ba ta ciki. Da na zo miki da kuka ranar Litinin, ba ki ce kin faɗa mini ba. Kika zuba mini abinci, kika ce Laraba za mu je ofishin ta ƙasa tare, sun san fuskarki, za ki roƙe su. Laraba kina kabari.

Jiya na je wurin Mushe Rachidi, sakataren ƙungiya, na sa yatsan. Bai yi zafi ba, Inna, ko kaɗan. Ya ce an rufe sunaye, amma tunda muna cikin ta ƙasa zai buga musu waya. Da yake faɗa, takardar yake kallo, ba ni ba. Sahadatou na can tsakar gida tana bitar lissafi da ƙarfi. Ban gaya mata ba. Ban san da wane baki zan gaya mata ba, kuma ban san wa zai kama hannuna ya shigar da ni ofishin nan ba.

Mata 'yan'uwana, wadda aka kai wa takardar ƙungiya ta nemi a karanta mata, ta sa yatsa tun da wuri.

Allah ya jiƙanki, Inna Assibi, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya ciyar da ke kamar yadda kika ciyar da yaranmu. Mijinki Malam Soumaïla da 'ya'yanki da jikokinki, Allah ya ba su haƙurin rashinki. Ni kuma ki yafe mini tafiya ukun nan da na sa ki yi a banza. Tawadar tana nan a yatsana, na yi alwala sau biyar ba ta fita ba.