Na raba Ya Kolo da kaskonta

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar jikin mahaifiyata, Ya Kolo, ku yafe ni. Kunya ce ta hana ni amsawa.

Abin ya fara ne da gishiri. Sai ta zuba a miya sau biyu, ta rantse ba ta sa ba. Daga baya ta fita gaisuwa a cikin Yerwa, unguwar da ta tsufa a ciki, ta kasa gane hanyar gida.

Mun yi ruƙiyya, mun yi rubutu, sannan muka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙwaƙwalwa wanda kuɗinsa ya kai na rago. Likita ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa.

Na ce, "Likita, faɗi ko nawa ne."

Ya ce, "Alhaji Modu, wannan ba ya warkewa. Lallaɓawa ake yi."

Ban ji daɗin maganar ba. Ni da na fara da tura baro a Gamboru har na mallaki shaguna uku, ban saba a ce mini abu ya gagara ba.

Na ɗauke ta na kai ta gidana. Sana'arta haɗa turaren wuta ce tun kafin a haife ni. Ranar da garwashi ya ƙona mata bakin zane, na kwashe kasko da itatuwan duka na kulle. Ta yi kwanaki tana lalube a ƙarƙashin gado.

Da ƙaramar Sallah na saya mata leshi mai tsada, na zaunar da ita a falo, na tara jama'a. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya, kin gane ni?" Ta yi ta kallonsu har fitsari ya kufce mata a kan kujera.

Na daka mata tsawa a gaban mutane.

Daga ranar ta rufe baki. Ko kunu ba ta karɓa. Kwana tara muka yi a asibiti ana ƙara mata ruwa, jijiya tana ɓacewa, ana sake nema. Likita ya fara maganar sa mata roba ta hanci. Na shiga mota na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar mahaifina.

Aka sallame mu tana shan cokali uku da ƙyar.

Saura mako guda babbar Sallah, yayata Yagana ta zo ta ce, "Modu, ba ni makullin nan. Kai dai ka iya saye, ba ka iya zama ba."

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta baje kayan haɗin turaren, su kajiji da sandal da farce. Ya Kolo ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Na sa hannu zan taya ta, sai ta buge mini hannu.

"Kai, wa ya koya maka? Ɗauko turmi."

Ranar ban je kasuwa ba. Ina daka, tana tankaɗe, Yagana na kula da wuta. Aka ajiye kofin kunu kusa da ita, ba wanda ya ce ta sha. Muna cikin aiki ta ɗauka ta shanye.

Ina yawan cewa ba wanda ya taimake ni a rayuwa. Ƙarya nake. Da wannan turaren aka saya mini baron.

Ran Sallah mu huɗu ne kawai a wajenta. Ta ci hanta, ta turara mana kaya ɗaya bayan ɗaya.

Alhamdulillah, yanzu tana cin abinci, jiki ya dawo. Mantuwar tana nan. Allah ya saka wa Yagana da ma'aikatan jinya da alheri.

Mai irin wannan majinyaci, kar ka tara masa jama'a ran Sallah, uku ko huɗu sun isa. Kar a tambaye shi ko ya gane mutum, ka faɗi sunanka da kanka. Aikin da hannunsa ya saba, ka bar masa, ka zauna kusa ka tsare wutar.

Na nemi gafararta. Ta dube ni ta ce, "Me ka yi mini, mai daka?"

Haka take kirana yanzu. Ina amsawa.