Galan Ɗin da Suruki Ya Kawo

Shekara ashirin da biyu ke nan Mai Keke yana yawon gyaran keken ɗinki, goma sha bakwai daga ciki a kan babur ɗaya. Ja ne a da. Yanzu sai an leƙa ƙarƙashin tanki ake ganin jan. A bayansa akwai akwatin katako ɗaure da roba, cikinsa allurai, bel, sukudireba uku da 'yar kwalbar farin mai.

Teloli sun san shi da abu biyu: ba ya makara, kuma ba ya yarda a ɗiga wa keke man da ba nasa ba. Ya taɓa tarar da wata tela ta zuba man girki a kekenta. Ya shinshina, ya ce, "Baiwar Allah, ɗinki za ki yi ko suya?"

Haka yake da babur ɗinsa. Duk wata yakan kai shi wurin Gajere bakanike a juye baƙin mai, a zuba lita ɗaya na babur, ba wani iri ba.

Ana nan sai autarsa ta auri direban wani kamfani, mutum mai ladabi, wanda ko a waya yake gaishe da surukinsa sai ya rusuna. Wata Asabar ya zo gaisuwa riƙe da galan ɗin baƙin mai.

"Baba, wannan shi muke zuba wa motar manaja. Injin da ya sha shi ko tari ba ya yi."

Mai Keke ya duba galan ya ga na mota ne. Ya yi godiya, da niyyar tura shi ƙarƙashin gado. Amma kafin ya rufe baki direban ya naɗe hannun riga, ya zaro sufana daga aljihu. A tsakar gida ya juye man da kansa, surukarsa, matar Mai Keke, na tsaye tana sa masa albarka. A gaban albarka irin wannan ba a cewa a dakata.

Mako biyu babur na lafiya. A na uku, kan hawan da ke zuwa layin teloli, Mai Keke ya murɗa totur, inji ya yi ruri, amma babur na tafiya kamar wanda aka aika ba ya so. Wani mai tura baro ya wuce shi, har ya yi masa sannu.

Da aka kai masa babur ɗin, Gajere bai ɓata lokaci ba. Ya tsoma yatsa a man, ya murza.

"Kai da ke yi wa teloli wa'azin mai? Kulocin babur a cikin baƙin man yake wanka. Man mota kuwa ƙara masa santsi ake yi. Ka ba kuloci santsi, me zai kama?"

"Kyauta ce."

"To kyautar tana cin faifan kulocinka. Idan ya ƙone, na irin wannan tsohon sai dai a je tono a bola."

Aka juye, aka zuba na gaskiya. Sai dai ƙarshen wata direban ya dawo da sufanarsa. Ya mai da abin aikinsa: duk Asabar ɗin ƙarshen wata shi ke juye wa Baba mai. Har ya gaya wa abokan aikinsa.

"Ka faɗa masa mana," in ji matar Mai Keke.

"Da wane bakin? Ke da kika sa albarka ki je ki karɓo abarki."

Sau biyu Mai Keke yana barin surukin ya zuba ranar Asabar, Lahadi ya lallaɓa wurin Gajere a zubar. A karo na biyu Gajere ya ce shi fa bakanike ne, ba mai wankin ciki ba, kuma faifan ba zai jure wannan shiga da fita ba.

Mai Keke ya yi lissafi. Idan ya yi magana, ya kunyata mutumin da bai taɓa yi masa komai ba sai alheri. Idan ya yi shiru, zai koma ɗaukar akwati a ka. Wata na gaba bai je wurin Gajere ba. Ya bar man a ciki mako uku cur, yana lallaɓa babur a giya ɗaya. Sannan ya kira surukin ya ce gwiwarsa na ciwo, ko zai taimaka ya tuƙa shi zuwa layin teloli.

Direban ya zo da rawar jiki. Ya hau gaba, Baba a baya, akwati a bayan Baba. A tsakiyar hawan babur ya yi ruri ya tsaya cik. Direban ya ƙara wuta. Warin ƙauri ya tashi. Suka sauka suka kama turi.

"Baba, tun yaushe yake haka?"

"Bai daɗe ba. Wata huɗu."

Direba ne, ya iya ƙirga watanni. Ya ci gaba da turi har suka kai rumfar Gajere.

Gajere ya kwance murfin, ya zaro fayafayan ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma. Biyu sun yi baƙi ƙirin. Ya san amsar, amma bai iya haƙura ba.

"Wa ya zuba wa babur man mota?"

Mai Keke ya buɗe baki zai ce shi ne. Direban ya riga shi.

"Ni ne. Wane iri ya kamata?"

Gajere ya nuna masa robar man babur, ya kuma sa shi ya karanta rubutun jikin robar da ƙarfi. Kwana tara direban ya yi yana zagaya masu tsofaffin kayan babur bayan ya tashi aiki, kafin ya samo fayafayai biyun. Rana ta goma Mai Keke ya hau hawan a giya uku.

A gidan kuwa, har yau maganar da ake yi ita ce gwiwar Baba ta warke.