Wadda Ta Sa Mini Yasmin

Jiya na je suna a Tarauni, an raɗa wa jaririya Yasmin, mata sai guɗa suke yi. Na tambayi mai jegon ma'anar sunan, ta ce, "Oho, Hajiya, daɗi dai ya yi mini." Na ja tsaki, sai na ji ashe tsakin kakata ne ya fito daga bakina.

Sunanta na ci, don haka ita ta zaɓa mini laƙabin Yasmin. Lokacin saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai, unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi duk gonaki ne. Matan unguwa suka yi ta taɓe baki, wai tsohuwa ta je Makka a ƙafa ta dawo da sunan aljanu.

Wata rana na shigo ina kuka, 'ya'yansu sun tsokane ni. Kakata ta kwance wani ƙullin tsumma, ta murza busasshen fure a tafin hannuna. Ƙamshin ya tsufa amma bai mutu ba, sanyinsa har maƙogwaro.

"Shaƙa, takwara. Wannan shi ne yasmin, farin fure ne, kalmar mutanen Farisa ce. Wata Bafarisiya da ta yi jinyata a Makka ita ta ba ni. Waɗancan kuwa, hancinsu bai wuce daddawa ba."

Mai jegon jiya jikar ɗaya daga cikin masu taɓe bakin nan ce.

Allah Ya jiƙan kakata, Ya ƙamsasa makwancinta. Su kuma Allah Ya ba su hanci.